Yadda Za Ka Rarrabe Kalmomin Turanci Na Yiwuwa Da Na Dama, Mataki-Mataki

Tun da na fara ajin Turanci na yamma a nan cikin birni, wanda yawancin ɗalibansa 'yan kasuwa ne da yara masu shirin JAMB, babu tambayar da ta fi dawo mini irin wannan: "Malam, wai mene ne bambancin *chance* da *opportunity*? Kuma idan Bature ya ce *probably*, ya yarda ke nan ko bai yarda ba?" An tambaye ni a aji, an tare ni a ƙofar masallaci, an kira ni ta waya. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta hanyar da nake bi da ɗalibaina, daga farko har ƙarshe.

Abin da ya sa na ɗauki batun da zafi shi ne wani matashi mai shago a Kantin Kwari. Ya same ni bayan la'asar, yana ta share gumi, ya miƙo mini waya. Mutumin da yake sayen yadi a hannunsa a Chaina ya rubuto masa cewa *We might be able to ship before Ramadan*. Shi kuma ya karanta ta a matsayin "za mu turo kafin azumi", har ya karɓi kafin alƙalami a hannun mutum uku, biyu daga cikinsu baƙi ne daga Maraɗi. Kaya ba su iso ba sai bayan ƙaramar salla. Ya ce, "Malam, ai cutata ya yi." Na ce, "A'a, ƙanena, bai cuce ka ba. Wataƙila ya ce maka, kai kuma ka ji tabbas." Kalma ɗaya mai harafi biyar ce ta jawo masa mayar da kuɗi da jin kunya a gaban abokan cinikinsa.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Littafin rubutu mai warƙa 60, biro biyu, ja da shuɗi, sai wayarka. Ƙamus na Cambridge da na Oxford na masu koyo duk suna kan intanet kyauta, kuma suna furta kalma ka ji da kunnenka. Ka samu jaridar Turanci ko da ta jiya ce, kamar Daily Trust. In gida da hayaniya, ɗakin karatu na Murtala Muhammad yana nan. Ban da kuɗin littafi da ɗan data, babu abin da za ka kashe sai lokaci: minti 20 a rana, na mako biyu.

1. Raba shafi gida biyu

Ja layi a tsakiyar shafin farko. A hagu rubuta "yiwuwa", a dama rubuta "dama". Duk kalmar da ka ci karo da ita, yi mata tambaya ɗaya. In tana amsa "shin abin zai faru?", ta hagu ce. In tana amsa "shin an buɗe mini ƙofa in yi wani abu?", ta dama ce.

A hagu za ka zuba *possible, possibility, probable, probably, probability, likely, unlikely, likelihood, maybe, perhaps, may, might, could, odds* da *risk*. A dama akwai *opportunity, opening, vacancy* da *prospects*. Ita kuwa *chance*, rubuta ta da jan biro a kan layin tsakiya, domin gida biyu take ci. Za mu dawo mata.

Gargaɗi: kalmar "dama" ta Hausa tana da faɗi, kada ka ɗauka duk inda ta fito *opportunity* ce. "Ba ka da damar shiga nan" izini ake nufi, Turancinta *You are not allowed in here*. "In ka ga dama" kuwa *if you like* ce. Na sha ganin ɗalibi ya rubuta *You have no opportunity to enter*, alhali so yake ya ce an hana shiga.

2. Gina tsani, amma fara da Hausa

A shafi na biyu zana tsani mai matakala shida. Kada ka taɓa Turanci tukuna. Daga sama zuwa ƙasa rubuta: tabbas, kusan tabbas, da alama, wataƙila, da wuya, ba zai yiwu ba. Ka riga ka san nauyin kowace a bakinka, shi ya sa muke farawa da su. Sannan jera na Turanci a gefensu.

Tabbas: *definitely, certainly*.
Kusan tabbas: *almost certainly, very likely, bound to*.
Da alama: *probably, likely*.
Wataƙila: *maybe, perhaps, possibly*.
Da wuya: *unlikely, probably not, I doubt it*.
Ba zai yiwu ba: *impossible, definitely not*.

Yanzu ɗora wa kowace matakala abin da ka sani da idonka. Ruwan sama a Kano ya fi komai sauƙi. A watan Agusta, lokacin da damina ta nutsa, *It is very likely to rain this week*. A farkon Mayu, ana zafi ana kallon gabas, *It may rain*. A Janairu, hunturu ya rufe gari, *It is highly unlikely to rain*. Wanda ya ɗaure kalma da abin da ya sani a jikinsa ba ya mantawa da ita.

In kana son adadi, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya kafa wa kansa ma'auni. A rahotanninsu *likely* na nufin kashi 66 cikin 100 zuwa sama, *very likely* kashi 90 zuwa sama, *virtually certain* kashi 99 zuwa sama. *Unlikely* kashi 33 ne zuwa ƙasa, *very unlikely* kashi 10 zuwa ƙasa. Rubuta su a gefen tsaninka da jan biro.

Gargaɗi: wannan ma'aunin masana ne, mutanen gari ba sa magana da sikeli. Su kansu Turawan sun sha wahala a nan. A 1951 masu nazarin bayanan sirri na Amurka sun rubuta cewa akwai *serious possibility* a kai wa Yugoslabiya hari. Da ɗaya daga cikinsu, Sherman Kent, ya koma ya tambayi abokan aikinsa abin da kowa yake nufi da kalmar, sai ya tarar wani kashi 20 ne a ransa, wani kuma kashi 80. To in masu harshen sun saɓa haka, kai da kuɗinka ke kan layi bai kamata ka ji nauyin tambaya ba.

3. Raba *possible* da *probable*

Nan ne Bahaushe ya fi zamewa, kuma dalilin a harshenmu yake. "Mai yiwuwa" tana ɗaukar duka biyun. A Turanci kuwa ratar da ke tsakaninsu babba ce. *Possible* cewa take abin bai gagara ba, ko da kashi ɗaya ne cikin ɗari. *Probable* da *likely* cewa suke ya fi kusa da faruwa a kan rashin faruwa. Ka taso daga Kabuga zuwa Bata da ƙarfe biyar na yamma ba ka gamu da cunkoso ba, wannan *possible* ne. Ka gamu da shi, wannan *probable* ne.

Sai ginin jimla. Kwafe waɗannan uku kamar yadda suke:

*He is likely to come.*
*It is likely that he will come.*
*He will probably come.*

Duk ma'anarsu ɗaya, da alama zai zo. Lura da mazaunin *probably*: bayan *will* take zuwa, amma a korewa gaba take shiga, *He probably won't come*.

Gargaɗi: *likely* tana yarda mutum ya zo a gabanta, *possible* ba ta yarda. Ba a cewa *I am possible to come*. Ko dai ka ce *It is possible that I will come*, ko ka taƙaita ka ce *I may come*.

4. Ƙananan kalmomi masu nauyi: *will, may, might, could*

Bakano ya san bambancin "zan zo" da wanda ya ja murya ya ce "naa zo", balle wanda ya ce "ma gani". Na farko ya ɗaure kansa, na biyu ya bar ƙofa a buɗe, na uku kada ka dafa abinci da shi. To haka *will* take da *may* da *might*. *I will pay on Friday* alkawari ne. *I may pay on Friday* wataƙila ce. *I might pay on Friday* ita ma wataƙila ce, kuma a bakin mutane da yawa ta fi *may* rauni kaɗan. *Could* tana nan tare da su: *Prices could rise*, farashi na iya tashi.

Koma kan saƙon ɗan Kwari. Ba *might* kaɗai ke ciki ba, har da *be able to*. Wato wataƙila mu samu hali. Shakka biyu ce a jere.

Akwai kuma hasashe daga alama. Ka ga shagon maƙwabcinka a rufe da rana tsaka ranar Juma'a, sai ka ce *He must be at the mosque*, lalle yana masallaci. Wannan *must* ba ta dole ba ce, ta tabbacin zuciya ce. Kishiyarta *can't*: *He can't be in Abuja, I saw him this morning*. In abin ya riga ya wuce, sai ka ƙara *have*: *He might have forgotten*, wataƙila ya manta.

Gargaɗi guda huɗu a wannan mataki, domin nan maki ke zubewa a WAEC da NECO. Ba a sa *to* bayan waɗannan kalmomi, ba a kuma ƙara musu *s*: *she may come*, ba *she may to come* ko *she may comes* ba. Na biyu, *might not* da *could not* ba ɗaya ba ne. *He might not come*, wataƙila ba zai zo ba. *He could not come*, ya kasa zuwa. Na uku, *maybe* a haɗe tana nufin wataƙila, takan buɗe jimla: *Maybe he is busy*. A rabe kuwa aikatau ne: *He may be busy*. Na huɗu, guji tara su wuri ɗaya. *Can be able* da *should in case* sun cika bakinmu a Najeriya, amma mai gyaran takarda zai ja musu layi. Zaɓi *can* ko *be able to*, zaɓi *should* ko *in case*.

5. *Chance*, mai gida biyu

Ware mata kwana biyu cur, ta cancanta. Abin da ke bayanta ne yake nuna gidan da ta kwana.

In *to* da aikatau suka biyo ta, dama ce: *I got a chance to speak to the manager*, na samu damar magana da manaja. A nan za ka iya cire ta ka sa *opportunity*, babu abin da ya canza sai dai jimlar ta ƙara zama ta ofis.

In *of* ce ta biyo ta, da suna ko aikatau mai *ing* a ƙeya, yawanci yiwuwa ce: *She has a good chance of passing*, akwai kyakkyawan zaton za ta ci jarrabawa. *There is a chance of rain*, ana iya yin ruwa. A nan *opportunity* ba ta shiga ko kaɗan. Gwajin da nake ba ɗalibai shi ne, sa *opportunity* a gurbin ka karanta da ƙarfi. *An opportunity of rain* ba magana ba ce, don haka ka san yiwuwa ake nufi.

Ana auna ta da sifa: *a good chance, a fair chance, a slim chance, no chance*, daga mai ƙarfi zuwa babu. Sai wasu ƙullallun maganganu da ba a kwance su kalma-kalma. *By chance*, bisa katari, ba da shiri ba. *Take a chance*, yin kasada. *He doesn't stand a chance*, ba shi da ko alamar nasara. Akwai kuma *fat chance*, wadda ta taɓa ruɗa ajina gaba ɗaya. Da yake *fat* ƙiba ce, kowa ya ce babbar dama ce. Gatse ne, ma'anarta "haba, ina!"

Gargaɗi: *take a chance* da *take the opportunity* sun yi kama a ido, amma hanyarsu ta rabu. Wanda ya zuba jarinsa duka a kan hatsi a Dawanau yana fatan farashi ya tashi, *he took a chance*. Wanda ya ga farashi ya faɗi da kaka ya saya ya ajiye, *he took the opportunity*. Sannan *I am not chanced*, da muke faɗa in ba mu da sarari, Turancin gida ne. Tsakaninmu kowa ya gane, amma a wasiƙa ko jarrabawa rubuta *I am not free* ko *I don't have time*.

6. *Opportunity* da abokan tafiyarta

Wannan ita ce kalmar takardar neman aiki da neman tallafin karatu, irin su Chevening da PTDF. Fara da rubutunta, domin a nan ake fara faɗuwa: *p* biyu ce. *Possibility* kuma *s* biyu. Ana cewa *an opportunity*, ba *a opportunity* ba.

Haddace ta tare da aikatau ɗin da take tafiya da su, kada ka haddace ta ita kaɗai: *have, get, give, take, seize, miss*. Samu, bayar, yi amfani da ita, cafke ta, ta kuɓuce. Bayanta *to* ce ta fi zuwa, ko *for* in suna ne: *an opportunity to study, opportunities for young people*. Ga jimla biyu da za ka iya ɗauka yau:

*Thank you for the opportunity to attend the interview.*
*I would welcome the opportunity to discuss this further.*

Gargaɗi: *I was opportuned to meet him* ta yaɗu har a bakin manya, amma ba ta cikin daidaitaccen Turanci. Ka ce *I had the opportunity to meet him*. *Opportune* sifa ce ta lokacin da ya dace, *an opportune moment*. Mafi muni ita ce *opportunist*. Wata ɗalibata ta rubuta a takardar neman tallafi cewa ita *opportunist* ce, tana nufin ba ta wasa da dama. Allah ya sa ta nuna mini kafin ta tura. Kalmar zagi ce, ana faɗa wa mai bin inda ta yi daɗi, wanda ba ruwansa da kowa sai ribarsa. Haka kuma kada ka ce *the possibility to travel* in dama kake nufi. *Possibility* da *of* take tafiya, kuma yiwuwa ce zalla.

7. *Risk, odds, prospects*

Waɗannan ba sa cin lokaci. *Risk* ta abin ƙi ce: *the risk of malaria, the risk of fire*. Ba a amfani da *opportunity* ga cuta ko asara. *Odds* kullum da *s* take, *The odds are against us*, abin ya fi karkata ga rashin nasara. *Prospects* hangen abin da ke gaba ne, kamar *job prospects*. Za ka kuma gan ta a hasashen hukumar yanayi ta NiMet, inda sukan ce *prospects of thunderstorms*.

8. Ina za ka sa "in sha Allahu"?

Ana yawan yi mini wannan tambaya, kuma ra'ayina a fili yake: kada ka jefar da ita don kana Turanci. *God willing* tana nan, Turawa sun san ta. Matsalar ita ce mun bari wasu sun mayar da ita mafakar mai gudun alkawari, har baƙo ya kasa gane ko e ce ko a'a. Maganin shi ne ka fara faɗin matakalarka da ranarka, sannan ka biyo da ita: *I will send the payment on Monday, God willing*. In kuwa ba ka da tabbas, faɗi gaskiya, *I may not be able to pay before Friday*. Ita ma *hopefully* fata ce kawai. Wanda ya rubuto maka *Hopefully next week* bai ɗaure kansa da komai ba.

9. Furuci

Da yawa daga cikin kalmomin nan da *p* suke farawa, mu kuwa *f* ɗinmu da leɓe biyu muke yin ta, shi ya sa *possible* ke fita kamar "fosibul". Riƙe 'yar takarda a gaban bakinka. Rufe leɓe gam, sannan ka sake su: in *p* ce ta gaske takardar za ta motsa. Ita *f* ta Turanci haƙoran sama ne ke sauka a kan leɓen ƙasa. Nauyin murya kuma a gaɓar farko yake a *probably* da *possible*, a gaɓa ta uku a *opportunity* da *possibility*. Danna alamar lasifika a ƙamus, ka maimaita sau biyar, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara.

10. Aikin mako biyu

Makon farko na tsinta ne. Kullum ɗauki labari ɗaya a jarida, ko hasashen NiMet na ranar, ka ja layi ƙarƙashin duk kalmar yiwuwa ko dama. Kwafe jimlar gaba ɗaya cikin littafinka, ka rubuta matakalar da take kai. Labaran farashin mai da na canjin kuɗi sun fi ko'ina cika da *may* da *could* da *likely*.

Mako na biyu na rubutu ne. Kowace safiya rubuta jimla biyar a kan ranarka: ko za a kawo wuta, ko mai bashi zai biya, ko Kano Pillars za ta ci wasanta. Kowace jimla da matakala daban. Da dare ka duba abin da ya faru. In abin da ka ce *definitely* bai faru ba sau biyu a jere, kana hawa tsani fiye da inda ya kamata, sauko matakala ɗaya. Mai shirin JAMB, wanda tambayoyin Turanci 60 ke jiransa, ya haɗa da tsofaffin tambayoyi na kalma mafi kusa a ma'ana da na kishiya, domin *likely* da *unlikely* da *probable* irin abin da ake gwadawa ne a wurin.

Gargaɗi: kada ka yi aikin nan kai kaɗai har ƙarshe. Samu wanda ya fi ka Turanci ya duba littafin ko sau ɗaya a mako, domin kuskuren da ka maimaita sau goma ya zama ɗabi'a.

A shafin ƙarshe kwafe tambayoyi biyun da na ba wancan matashi na Kwari, ka ajiye su a wayarka ma. Duk ranar da aka rubuto maka *may* ko *might* ko *hopefully* a kan kaya ko kuɗi, tura su kafin ka karɓi sisin kowa:

*Is this confirmed, or is it only a possibility?*
*What date can you guarantee?*